Ranar da Na Kai Baƙo Gindin Tsamiya

Garinmu yanzu ba shi da inuwa. Na faɗi haka kwanan baya a majalisa, wani matashi ya yi dariya, ya nuna min rumfunan kwano da suka jeru a bakin hanya, ya ce, "Baba, waɗannan fa?" Ban ja da shi ba, domin ba laifinsa ba ne. Ya tashi ya tarar da gari a haka, fili fetal daga makaranta har rafi, rana tana dukan ƙasa ba abin da zai tare ta. Idan azahar ta gabato a bazara, kwanon nan yana ɗaukar zafi ya juye wa mutum a ka, sai ka ga dattawa suna ta matsawa da tabarma suna neman gefen katanga. Mu kuwa da muka san garin a wata kama, akwai abin da muke tunawa wanda ba ma cika son faɗa ba. Ni dai nawa ya haɗa da kunya, irin wadda tsufa ba ya wanke ta.

Ƙauyenmu yana ƙasar Kiru, kuma a lokacin ƙuruciyata duk wanda zai kwatanta shi ga baƙo da tsamiya yake farawa. Tana bakin gari ta gabas, inda hanyar rafi ta rabu da hanyar kasuwa. Ba wanda ya san wanda ya shuka ta, kuma ko tsofaffin da suka haifi iyayenmu cewa suke a haka suka same ta. Idan mutum ya taho daga nesa, kanta yake fara hangowa kafin ya ga jinkar ɗaki ko ɗaya. Gindinta kuwa, mukan haɗu mu yara mu riƙe hannun juna mu ce za mu zagaye shi, sai mu ƙare ba mu haɗe ba. Ta ɓangaren arewa akwai kogo da babban mutum zai iya tsugunawa a ciki, saiwoyinta kuma sun fito sarari sun yi santsi saboda zaman mutane, kowane dattijo da saiwarsa da ba a zauna masa.

Abin da na fi tunawa shi ne sauti. Da sassafe kurciyoyi ne ke farawa, sai tsintsiya ta biyo baya, shar, shar, shar. Da hantsi mata su fito da turame su yi sussuka a gefen kudu, taɓare suna amsa wa juna, wata ta jefa tata sama ta tafa ta cafe, sauran su yi shewa. Masaƙa biyu suna da wurinsu a can ƙarshen inuwa, zarensu a miƙe har bakin hanya, ƙoshiya tana kaiwa da komowa. Matan Fulani idan sun taho da nono daga ruga, nan suke sauke ƙore su huta, suna hira da harshensu, su juya su yi ciniki da namu. Idan shamuwa ta sauka a saman rassan, ranar nan mahaifinmu zai fito da iri daga rumbu ya duba, ya aike ni maƙera da fartanya. Idan kuma tsamiya ta nuna, ba kowa ke hawa ba. Mutum ɗaya ne a garin yake hawa ya karkaɗo, mu muna ƙasa da kwanduna muna tsinta, bakinmu ya yi tsami har haƙora su mutu. Mata su ɓare, su dunƙula curi-curi, kowane gida ya sami na kunun azumi, har a aika wa dangi a Bebeji.

Tsintsiyar nan da na ce ta Gwaggo ce, yayar mahaifinmu. Mijinta ya rasu tun tana da sauran ƙarfi, ta dawo gidanmu da zama, kuma kullum bayan sallar asuba sai ta ɗauki tsintsiya ta share gindin tsamiya kafin kowa ya fito. Ta gaji aikin ne daga mahaifiyarta. Ba zan ɓoye ba, akwai abubuwan da ake yi a wurin da ba a son faɗa da ƙarfi. Wasu tsofaffin mata, musamman idan 'yarsu ta daɗe ba haihuwa, sukan ajiye ɗan gumba ko farin zare a bakin kogon nan ranar Alhamis da yamma. An ce tun kafin kakanninmu su karɓi Musulunci ake haka. Limamin garin na lokacin ya sani, kuma yana tsawatarwa, amma a inuwar nan yake shimfiɗa buzunsa ya ba manya karatu. Yakan ce, "Inuwa ku sha, Allah ne ya yi ta. Roƙo kuwa ku kai wa wanda ya yi ta." Na taɓa tambayar Gwaggo ko ita ma roƙon bishiyar take. Ta tsayar da shara ta dube ni, ta ce, "Auta, ni da nake sallah biyar? Tsohuwa ce kawai. Wa ya taɓa barin tsohuwa cikin shara?"

Cikin 'ya'yan gidanmu ni kaɗai aka sa a boko. Yayana ya zauna a gona, daga baya aka ba shi mai unguwa. Ni na yi gaba, na karanci aikin gona, na sami aiki a Kano a ɓangaren noman rani. Da farko duk ƙarshen wata ina gida. Da na yi aure ya koma sallah zuwa sallah. Da iyayenmu suka rasu, sai ya zama saƙo ne ke zuwa a madadina, buhun shinkafa da turamen atamfa, direba ya kai ya dawo min da gaisuwa. Ba faɗa muka yi da kowa ba. Kullum ina cewa wata mai zuwa zan je, wata mai zuwa kuma ya zo da nasa aikin.

Ana cikin haka aka tura ni ƙasar Japan koyon noman shinkafa. Mun haɗu da mutane daga ƙasashe daban-daban, kuma wanda ke koya mana wani mutum ne gajere, marar yawan magana, wanda zai shiga taɓo da wandonsa a naɗe ya nuna maka da hannu maimakon ya tsaya bayani. Sunansa ya yi wa bakinmu nauyi, sai na laƙaba masa Malam Shinkafa, da na fassara masa kuwa ya yi dariya ya karɓa. Da Turanci muke magana, nasa a karye, nawa ma ba wani na kirki ba, amma muna fahimtar juna. Shi ne ya nemo min ɗan ɗaki mai tsabta da zan riƙa sallah, kuma idan an kawo abinci yakan riga ni tambayar abin da ke ciki.

Wata ranar hutu ya ce zai kai mu wani tsohon wurin bauta na addininsu na gargajiya, wanda suke kira Shinto. Na ce masa ni Musulmi ne, ba zan rusuna wa komai ba. Ya ce ba wanda zai ce in yi, kallo kawai. Muka shiga ta wata ƙofa ta katako mai tsayi, ginshiƙai biyu da gungume a sama, ba katanga a dama ko hagu. Hanya duk tsakuwa ce, tana ƙara a ƙarƙashin takalmi. A gefe akwai kwarmin dutse cike da ruwa da ludaya masu dogon hannu, mutane suna wanke hannu suna kurkure baki kafin su wuce. Na tsaya daga baya na bar su suka yi abin da za su yi a gaban ɗakin bautarsu. Da ya gama ya yafito ni, muka zagaya baya, sai ga bishiya. Ban taɓa ganin irinta ba. An ɗaura mata igiya mai kauri ta karan shinkafa a tsakiya, da fararen takardu suna reto. Rassan da suka tsufa an tokare su da ginshiƙai don kada su karye. An yi ɗan shinge don kada a taka saiwa. Kuma can gefe ga wani tsoho da tsintsiya yana share ganye a hankali, ba ya kallon kowa.

Ban san hawaye ya zo min ba sai da Malam Shinkafa ya tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau, gida na tuna. Ya ce, "Kuna da irin wannan a wurinku?" Nan fa bakina ya buɗe. Na ba shi labarin tsamiya tun daga kurciyoyi har shamuwa, na gaya masa masaƙa da matan Fulani, da mutumin da shi kaɗai ke hawa, da Gwaggo da tsintsiyarta. Na ce tamu ba a ɗaura mata igiya, ba a kewaye ta da shinge, ana zama a jikinta, ana cin 'ya'yanta, kuma ba wanda zai ɗaga mata gatari. Ban ƙara ko kalma ɗaya a kan gaskiya ba, amma da alfahari na faɗa, irin na wanda ya sami abin da zai nuna shi ma daga wani wuri ya fito. Ya saurara har na gama, ya ce, "Idan na zo ƙasarku, ka kai ni in gaishe ta." Na ce ai wannan alkawari ne.

Shekaru suka shuɗe, har na manta da maganar. Sai ga shi an turo shi duba gonakin noman rani a wajen Bebeji, kuma aka haɗa shi da ni. Kansa ya yi fari fat, amma har yanzu yana naɗe wando ya shiga taɓo. Muka yi ta zagaye gonaki cikin zafin bazara, fuskarsa ta yi ja, bai taɓa ƙorafi ba. Ana gobe zai tafi ya ce min, "Saura tsamiya." Na yi murna ƙwarai da ya tuna. Nan da nan na aika wa Yaya cewa ina tafe da babban baƙo, a yi abinci, amma ban faɗi abin da ya kawo baƙon ba, domin ban ga dalilin faɗa ba. Wa zai aika a tambaya ko dutse yana nan inda aka bar shi?

Muka kama hanyar Zariya, muka karya a Kwanar Dangora, muka bar kwalta muka shiga burji. A mota sai zuba nake. Ina nuna masa gonakin da na yi noma ina yaro, da rafin da muke wanka. Da muka kusa na dafa kafaɗarsa na ce, "Da mun sha wannan kwanar, ka dubi hannun dama. Kanta za ka fara gani." Ya gyara zama, ya ciro abin ɗaukar hotonsa ya riƙe. Muka sha kwanar. Ba komai a hannun dama sai sararin sama. Na ce wa direba ya ɓata hanya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, nan nake kawo saƙo kullum." Na ce to gaba kaɗan ne. Muka ƙara gaba, ga rufin gidaje, ga hanyar rafi ta rabu da ta kasuwa, ga komai a inda na san shi. Na ce ya tsaya.

Kututture ne ya rage, faɗinsa kamar daɓen ɗaki, ya yi fari ya tsattsage. Awaki biyu suna tsaye a kai. Daga gefe ƙasa ta yi baƙi inda aka ƙona rassan aka yi gawayi. Saiwoyin da dattawa ke zama an sassare su, wasu an tono. Ledoji sun maƙale a jikin abin da ya saura na kogon. Ba yau aka yi ba, ba bana ba, domin har ciyawa ta fito ta bushe a cikin tsagar. Na fito na tsaya rana tana dukana, na kasa juyawa in dubi mutumin da na ɗauko. Na ji ya buɗe ƙofar mota ya fito. Ya mayar da abin hotonsa cikin jaka. Ya tako a hankali har gaban kututturen, ya cire hularsa, ya haɗe ƙafafu, ya sunkuya, ya daɗe a haka.

Kafin ya ɗago mutane sun taru, domin mota da baƙo farar fata ba sa shiga ƙauye a ɓoye. Na ji ana dariya ƙasa-ƙasa. Wani daga baya ya ce, "La ilaha illallahu, an kawo mana mai bautar itace." Kunya biyu ta haɗu min a lokaci ɗaya. Ina jin kunyar mutanenmu, kada a ce ɗan gidan mai unguwa ya je ƙasar waje ya dawo da abin da aka rabu da shi. Ina kuma jin kunyar baƙona, wanda ya tsallako duniya da maganata a ransa, na kawo shi gaban awaki da leda. Yaya ya ratso taron da babbar rigarsa, muka gaisa a tsaye, ya yi wa baƙo barka da zuwa, sannan ya ja ni gefe ya ce, "Me yake yi haka? Sallah yake wa kututture?" Na ce, "Gaisuwa ce, Yaya. Haka suke gaida manya a ƙasarsu." Ya ce, "To ka ce masa ya isa, idon mutane yana kanmu." Na ce, "Yaya, ina tsamiya?" Ya kawar da kai ya ce, "Mu shiga gida, abinci zai huce."

Malam Shinkafa ya matso kusa da ni, ya tambaya cikin ladabi ko tsawa ce ta faɗa mata, ko iska. Ni ma ban sani ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci min rai: baƙo yana tambayata labarin garinmu, ni kuma ba ni da amsar da ta wuce tasa. Sai taron ya dare, ga Gwaggo tana tafe da sanda. Ta rame, ta ranƙwafa, idonta ɗaya ya yi fari. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa sama-sama, ta ce, "Auta ne? Me baƙon naka yake tambaya?" Na gaya mata. Ba ta jira in fassara komai ba. Ta miƙa wa wata mata sandarta, ta dunƙule hannu biyu kamar ta riƙe abu mai nauyi, ta sunkuya gefen kututturen, ta yi ƙarar injin yankan katako da bakinta, tana karkarwa tun daga kafaɗa har gwiwa. Ta yi ta yi har numfashinta ya sarƙe. Sannan ta ɗaga hannu sama, ta sauke shi a hankali har ƙasa. Ba wanda ya yi dariya a wannan karon. Baƙo ya gyaɗa kai, ya gane.

Ta karɓi sandarta ta ce, "Tambaye shi, wa ya gaya masa akwai tsamiya a nan?" Na ce ni ne. Ta ce, "A ina?" Na ce a ƙasarsu, a gaban wata tsohuwar bishiya da suke kula da ita, har da mai share mata gindi. Ta ce, "To gaya masa abin da zan faɗa, kada ka rage." Na ce to. Ta ce, "Gaya masa damina ta zagayo ta sake zagayowa tun da aka kayar da ita. Gaya masa ranar da ta faɗi, ƙasa ta girgiza har randunan gidanmu suka zubar da ruwa, tsuntsaye suka yi ta shawagi har magariba ba su san inda za su sauka ba." Na fassara. Ta ce, "Gaya masa shi ne mutum na farko da ya zo ya yi mata gaisuwa." Na fassara. Sai na kasa daurewa, na ce, "Gwaggo, me ya sa ba a aiko min ba? Da na sani ai da na zo, da na yi magana da manya." Ta juyo da idonta mai gani ta ce, "A aiko maka a ce me? Buhu muke gani, ba ma ganin ka. Mun ɗauka ka tashi daga namu. Wannan ma gaya masa." Baƙo yana kallona yana jira. Na dubi ƙasa, na gaya masa da Turanci, kalma bayan kalma, a gaban mutanen da suka san ni tun ina yawo ba wando.

A zauren Yaya aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da zabbi, da fura mai sanyi. Baƙo ya wanke hannu ya ci sosai, yana yabawa. Da ya fita da direba wanke hannu, Yaya ya ce, "Na san abin da ke ranka, faɗe shi." Na ce ba ni da bakin magana. Ya ce, "To ni ina da shi. Samari suka dawo daga karatu suka ce ana shirka a gindinta. Tsohon liman ya rasu, ba mai raba gardama. Gari ya rabu biyu, har aka daina bin juna sallah, ɗa ba ya gaida ubansa. Ana cikin haka reshe ya karyo ya kashe saniyar wani Bafulatani, saura kaɗan ya haɗa da matarsa. Masu inji kuma kullum suna ƙofar gidana. Na zauna na duba, ko itace ko zumunci. Na sa hannu. Kai kana birni ƙarƙashin fanka, ni ke kwana da mutanen nan." Na ce, "An daina rigimar?" Ya ce, "An sami wata." Ya shafa gemunsa ya ƙara da cewa, "Tun ranar ban sake bin hanyar nan ba sai yau. Ta bayan gari nake zagayawa in je gona."

Da za mu tafi, baƙo ya nemi a kai shi ya yi wa Gwaggo sallama. Ya sunkuya mata kamar yadda ya yi a waje, ita kuma ta kama hannunsa da hannu biyu ta yi ta sa masa albarka, tana roƙa masa shiriya da sauka lafiya, shi yana cewa na gode da Hausar da ya tsinta a gonaki. Ba su nemi in fassara ba. Muka kama hanya har muka hau kwalta. Na tattaro ƙarfin hali na ce ya yafe min, na ɗauko shi a banza. Ya ce ba a banza ba ne, ya ga matar da na ba shi labarinta. Can kuma ya ce, "A garin da aka haife ni akwai kurmi a bayan gidanmu. Yanzu masana'anta ce a wurin. Inda na kai ku, abin da ya tsira ne." Na san don ya sanyaya min rai ya faɗa, kuma na gode masa. Amma shi ya san ranar da aka sare nasu kurmin, yana nan aka yi. Ni sai da baƙo ya ja ni.

Bayan na raka shi filin jirgi, na koma ƙauye a ƙarshen makon nan, ni kaɗai, ba buhu. Na zauna a ƙofar ɗakin Gwaggo muka yi hira, ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma haka. Na ci gaba da zuwa, amma ban same ta da yawa ba, domin da damina ta tsaya Gwaggo ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Na gode Allah da ni aka ɗauki makararta. Yaya ma ya bi ta bayan wasu shekaru. Da na ajiye aiki na tattaro na dawo gida gaba ɗaya, na gyara ɗakin mahaifinmu na zauna. Malam Shinkafa ban sake ganinsa ba, daga baya na ji ya rasu. Na dasa itatuwa a bayan gida da bakin makaranta, wasu awaki sun cinye, wasu sun kama, amma na san ba ni zan zauna a inuwarsu ba, kuma ban ɗauka sun biya komai ba.

Kututturen ma yanzu babu shi. An tone, an daɓe wurin, ya zama tashar 'yan acaɓa, da mai shayi da mai cajin waya. Sunan kawai ya ƙi tashi. Ran kasuwar da ta wuce na hau bayan wani matashi daga Kiru, ya ce ina zan sauka, na ce Gindin Tsamiya. Muna isa ya tsaya a tsakiyar rana, ya riƙe min hannu na sauko, ya dubi dama ya dubi hagu, ya ce, "Baba, don Allah in tambaye ka. Kullum sai in kawo mutane nan. Wai da gaske an taɓa yin tsamiya a wurin nan, ko suna ne kawai?" Na ce, "An yi." Ya ce, "To ina ta tafi?" Na gyara hulata, na dubi inda tayar babur ɗinsa take tsaye, daidai inda liman ke shimfiɗa buzu. Na ce, "Ba na gari lokacin, ɗana." Na ja sandata na wuce kafin ya tambaye ni inda nake.